Jarkar Surukina da Tankin Motata

Akwai ranar da ba zan taɓa mantawa da ita ba ko da na so, domin duk sanda na tsaya a gidan mai warin fetur ya bugi hancina, sai ta dawo mini sabuwa fil. Ranar ce na je Bukkuyum ɗauko surukina a motata, ana jibi sunan ɗana na fari.

Bari in fara da motar, tunda ita ce ta ja ni, ko kuma in faɗi gaskiya, ni na ja ta. Ni malamin makaranta ne a Gummi, kuma a shekarar ne Allah ya nufe ni da yin mota. 'Yar Kwatano ce, ruwan toka, ta sha hannuwa kafin ta iso wurina, amma a idona duk garin babu kamarta. Safe da yamma nake wanke ta. In na je makaranta, daidai tagar ofishin malamai nake ajiye ta (wai don inuwa, alhali ko tsiron bishiya babu a wurin). Makullinta kuwa bai san aljihuna ba, kullum yana hannu ina kaɗa shi, ko gaisawa zan yi da mutum sai na mayar da shi hannun hagu a gabansa.

Wata rana na shiga da ita fadama duba shinkafar yayana, hanyar da ko amalanke sai an lallaba. Ina dawowa na ji wani abu ya daki cikinta daga ƙasa, ƙwas. Na yi kamar ban ji ba. Washegari motar ta fara warin fetur. Matata Luba, wadda a lokacin cikinta ya tsufa, ta ce, "Malam, motar ga wari takai." Na ce mata hancin mai ciki ne, komai ma wari yake mata. Da ta haihu muka ɗauko ta daga asibiti, Innata tana baya riƙe da jariri, sai na hango ta a madubi ta rufe masa hanci da gefen mayafinta. Ta ce, "Kai dai ka kai abin ga a duba maka, kada ka toya muna jika." To Inna ba ta da ciki, don haka ban iya ɗora wa hancinta laifi ba.

Na kai ta garejin Oga Bitrus. Bitrus mutumin ƙasar Zuru ne, amma ya daɗe a Gummi har bakinsa ya koma namu, kuma shi bakanike ne da ba ya gaggawa. Ina tsaye ina duba agogo, shi kuwa ya fara daga murfin tanki, ya kwance shi ya duba robar bakinsa ko ta mutu. Lafiyarta lau. Ya buɗe gaban mota ya sa na tayar, ya bi tiyon mai da yatsa tun daga inda ya shigo har inda ya shiga inji, yana shafawa yana shinshinawa. Babu jiƙa. Ya ɗage kujerar baya ya duba bakin famfon mai, nan ma a bushe. Sai ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta, ya jima, ƙafafunsa kawai nake gani.

Da ya fito ya nuna mini yatsansa a jiƙe. "Malam, tanki na. Dutse ya buge shi ya tsage. Tsagar ba ta da girma, amma mai na tsattsahowa."

Na ce, "To a liƙe shi yanzu mana, ina jira."

Ya yi dariya. "Ba a kai wuta kusa ga tankin da ke da mai, sai in mutum ya gaji da duniya. Sai na sauke shi, in juye man, in wanke cikinai, ya sha rana har warin ya hita, sannan a kai ma mai walda. Kwana biyu, in ya yi yawa ukku."

Kwana biyun nan su ne ba ni da su. Luba 'yar Gwashi ce, kuma bisa al'ada gida ya kamata ta je ta yi wankan haihuwar fari. Amma da yadda dajin ya cika da 'yan bindiga, mahaifinta da kansa ya aiko cewa ta zauna Gummi, shi zai zo suna. Ya ce zai hau babur zuwa Bukkuyum, daga nan ya shiga motar haya. Ni kuma na yi tsalle na ce haba, ina da mota Baba zai shiga motar haya? Na aika masa cewa ni zan ɗauko shi a Bukkuyum, na kuma tabbatar duk wanda ya kamata ya ji ya ji. Yanzu in koma in ce motar tana gareji an sauke mata tanki? Na ji kamar in na faɗi haka an gama da ni a Gwashi.

A teburin mai shayi na sha jin direbobi suna ba da labarin yadda suke toshe tankin da ke yoyo da sabulu, tunda fetur ba ya narkar da shi. Na tambayi Bitrus. Ya daina goge hannunsa ya dube ni.

"Gaskiya na, yana riƙewa. Amma dabarar kan hanya ta, don ta kawo ka gareji. Kai kau ga ka cikin gareji. Kuma in ka sa shi, kada ka kuskura ka shiga ruwa, wanke shi zai yi."

Na ce na gode, na ja motata. Na kai ta bayan gida inda ba mai ganina, na sami sabulun wanki na jiƙa shi na murje har ya yi laushi kamar tuwo, na shige ƙarƙashi na danna shi a kan tsagar. Yoyo ya tsaya cak. Na fito ina kallon hannuwana ina mamakin yadda aka yi na ƙare a koyarwa, ga baiwar injiniya tana lalacewa. Na ɗauko turaren Luba na fesa wa kujeru har sai da na yi atishawa.

Damina ce, an kuma kwana ana ruwa. Na fito da safe cikin farar shadda. A tsakanin Gummi da Bukkuyum akwai inda ruwa ya karya kwalbati, motoci sai sun sauka gefe sun ratsa ta cikin rafin. Na bi sahu, kuma sai da na kai tsakiya, ruwa yana dukan cikin motar, maganar Bitrus ta faɗo mini. Da na haye, abin da ya kamata shi ne in tsaya in durƙusa in leƙa. Amma wurin taɓo ne, ga mutane, ga farar shadda. Na taka mai na wuce.

Na tarar da Baba a tasha yana zaune a kan benci. Sunansa Usman, mutanen garinsu suna ce masa Mani, ni dai Baba nake cewa. Dattijo ne siriri, manomi, yana kuma da amya a daji inda yake cire zuma. Ba shi da yawan magana, irin mutanen nan ne da in sun ce "to" sun gama jawabi. Na durƙusa na gaishe shi, ya yi mini barka. Kayansa 'yar jaka ce da wata jarka da aka naɗe da buhu aka ɗaure da igiya. Da kansa ya sa jarkar a but, ya gyara mata zama don kada ta faɗi. Ya so ya zauna baya, na matsa masa sai gaba, don ya fi ganin yadda nake sarrafa sitiyari.

Tun daga tasha na buɗe baki. Na gaya masa ƙasar da aka ƙera motar, na gaya masa ba ta shan mai, na ce tun da na saye ta ko ƙusa ba a taɓa canza mata ba. Yana cewa "Madalla." Muka sake ratsa rafin nan. Ba mu yi nisa ba warin ya taso, ya danne turaren Luba, ya cika motar har idona yana yaji. Na saci kallon allurar mai na ga ta sauka fiye da yadda ya kamata. Baba ya sauke gilashi a hankali.

"Malam, ba ka jin wani wari?"

Na ce, "Ai Baba, haka irin waɗanga motoci suke in inji ya ɗauki zahi." (Allah ya yafe mini. Har da gyaɗa kai na yi.)

Sai muka iso shingen bincike. Wanda ba ɗan yankinmu ba zai ce warin fetur a mota ai ba wani abu ba ne. A wurinmu a lokacin babban abu ne. An hana ɗaukar mai a jarka, saboda ta haka ake kai wa 'yan bindiga man baburansu a daji, kuma duk wanda aka ce yana kai musu mai, ba shi ba zaman lafiya, ko a hannun hukuma ko a hannun mutanen gari. A shingen akwai jami'an tsaro da 'yan sa-kai. Wani jami'i ya sunkuyo ta taga zai gaishe mu, sai ya ja da baya ya yamutsa fuska.

"Wa ke ɗauke da fetur a motar nan?"

Amsar gaskiya gajera ce: tankina ne ke yoyo, na liƙe da sabulu, ruwa ya wanke. Tana bakina. Amma ga Baba a gefena, mutumin da na kwashe tafiyar nan ina gaya wa ko ƙusa ba a taɓa canza wa motar ba. Na ji ba zan iya furta kalmar sabulu a gabansa ba. Sai na ji bakina yana cewa:

"Ranka ya daɗe, motata lafiyarta lau, jiya-jiya bakanike ya duba ta. Sai dai ko jarkar da ke but. Ni dai ban san abin da ke cikinta ba, ba tawa ba ce."

Na sha juya maganar nan a raina ina nema mata mafita. Gaskiya ne Baba bai gaya mini abin da ke ciki ba. Amma na san warin ya riga Baba shiga motar da kwanaki, na kuma san abin da mai amya yake kawo wa 'yarsa mai jego. A lokacin tunanina kawai shi ne za a buɗe, a ga ba komai, a ce mu wuce, motata ta tsira da mutuncinta. Ban yi tunanin mutuncin wanda ke zaune kusa da ni ba.

Aka ce mu fito. Aka sauke jarkar a tsakiyar titi. Jami'in ya ce, "Ta wace ce?" Baba ya ce, "Tawa ta." "Daga ina?" "Gwashi." Na ga jami'an sun dubi juna. Aka ce ya koma gefe ya zauna a ƙasa. Dattijon nan ya tattara rigarsa ya zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Ni kuwa ina tsaye jikin motata, makulli a hannu.

Daidai lokacin wata motar kasuwa da ta fito daga wajen Gummi ta tsaya a ɗaya ɓangaren, cike da mutane da buhuna. Na ji wata murya daga cikinta ta ce, "Kai, wancan ba Mani na ba?" Mutanen Gwashi ne. Suka miƙo wuya suna kallon Baba a ƙasa, ga jarka a gabansa, ga warin fetur ya cika wurin. Aka duba motarsu aka ɗaga musu hannu, suka wuce tun ba a gama kwance igiyar ba.

Da aka buɗe murfin, jami'in ya shinshina, ya sa aka kawo kara ya zura har ƙasan jarkar ya zaro. Wani abu mai kauri ya biyo karan yana naɗewa, ja-wur da shi. Baba ya ce, "Zuma ta, ɗana. Ɗiyata ta haihu, ta kunun jego ta." Bai ɗaga murya ba, bai kuma dube ni ba.

Jami'in ya ba shi haƙuri ya ce ya tashi. Amma warin yana nan, don haka wani ɗan sa-kai mai furfura, wanda daga gani ya taɓa tuƙi, ya zagaya bayan motar ya durƙusa. Ya ga inda mai ke ɗiga ɗis-ɗis ya yi ɗan tabki. Ya miƙa hannu ya ɓanɓaro wani abu ya ɗago shi sama kowa ya gani. Ragowar sabuluna ne, ya yi fari ya saɓule.

"Malam, wa ya ba ka wagga dabara? Ka liƙa sabulu kuma ka shiga ruwa? Wanka ka kai ta?"

Wurin ya fashe da dariya. Jami'in ne kawai bai yi ba. Ya dube ni ya ce, "Wato ka san inda warin yake." Ya ce, "Mene ne tsakaninka da tsohon nan?" Na ce surukina ne. Ya girgiza kai ya koma bakin shinge, kuma da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Aka ce ba za a bar mota mai ɗigar da fetur ta wuce a haka ba, sai na toshe. Ni kuwa ban taho da ko gutsuren sabulu ba, tunda injiniya ba ya shakkar aikinsa. Ina tsaye ina rarraba ido, sai Baba ya gama ɗaure jarkarsa, ya buɗe 'yar jakarsa ya ciro wani ƙulli. Sabulun salo ne da mahaifiyar Luba ta aiko don wankan jariri. Ya gutsuro rabi ya miƙo mini.

"Ungo, Malam. Liƙa mu tahi, rana na yi."

Na kwanta a taɓo da farar shaddata, wadda saboda ita na ƙi durƙusawa da safe, na shige ƙarƙashin mota a gaban kowa. Baba ne ya riƙe mini hula. Daga nan har Gummi, sau uku ina niyyar ba shi haƙuri ina fasawa.

Aka yi suna, aka sa wa yaro Usman, sunan da na zaɓa tun kafin haihuwa don girmama Baba. Ya ɗauki takwaransa ya yi masa addu'a mai tsawo, ya ci abinci, ya gaisa da kowa. Da zai koma na ce bari in kai shi. Ya ce a'a, in zauna da baƙina, ya shiga motar haya.

Washegari na kai wa Bitrus motar. Bai ce ai na gaya maka ba. Ya shiga ƙarƙashi ya kankare wurin, ya fito yana duban abin da ke tafin hannunsa ya ce, "Malam, har kala biyu?" Ya sauke tankin, ya wanke, ya shanya, aka yi walda, ya cika shi da ruwa ya tabbatar ba ya tsattsafo, ya busar ya mayar. Kwana biyu cif. Tun daga ranar ban sake jin wari ba.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe motar kasuwar nan ta kai rabin labari gida. Bayan mako guda mahaifiyar Luba ta kira ta tana kuka. A Gwashi ana cewa an kama Mani a shinge da jarkar mai. Mai gari ya kira shi ya yi masa tambayoyi, an shiga gidansa an duba har rumbu. Ba a sami komai ba, amma in ya zo majalisa sai hira ta mutu, wasu su tashi. Har an fara cewa dama me yake yawan yi a daji, wai amya. A garin da aka sha binne mutane, irin wannan magana tana iya cin ran mutum.

Luba ta ajiye wayar ta ce in gaya mata abin da ya faru a hanya. A nan na gane Baba bai faɗa wa kowa abin da na ce ba, ko matarsa. Cewa kawai ya yi an yi bincike an ga zuma ce, mutane kuma suka ce ai dole ya faɗi haka. Na gaya mata komai. Tana jijjiga yaro ta ce, "Baba na zaune ƙasa, kai kana tsaye?" Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Ranar Juma'a na tafi Gwashi, a kan babur, don hanyar ba ta mota ba ce (kuma ko ta mota ce, na ƙoshi). Da aka idar da salla na nemi izinin liman na miƙe a ƙofar masallaci. Na ce ni ne surukin Malam Usman, ni ne mai motar. Na ba da labarin dutsen fadama, da gargaɗin bakanike, da sabulu, da rafi, da abin da na ce a shinge kalma da kalma. Da na zo kan sabulu aka kwashe da dariya, wani tsoho har yana share hawaye. A rayuwata ban taɓa jin daɗin a yi mini dariya ba sai ranar, don na ga wasu sun matsa suna miƙa wa Baba hannu. Daga ranar sunana a Gwashi ya koma Malam Mai Sabulu, har yara a bakin hanya da shi suke gaishe ni.

A zauren gidansa na durƙusa na nemi gafara. Yana kallon ƙasa ya ce, "Na yahe maka tun a shingen, Malam. Tsoro na sa mutum ya hwaɗi abin da bai shirya ba." Na so in bar shi a haka, amma na ce, "Baba, ba tsoro ba ne. Kunyar a san motata ta lalace ce." Ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun ranar. Ya ce, "Na sani. Na so in ba ka wanda ya hi sauƙin ɗauka."

Yanzu Usman ya shiga makaranta. Motar tana nan, ta tsufa, makullinta yana zama a aljihu kamar na kowa. Baba yana zuwa Gummi, muna hira, yana wasa da takwaransa, amma bai sake shiga motar ba. In na yi tayi sai ya ce babur ya fi iska. Abin da na koya bai taka kara ya karya ba: in na ji wari a motata, ko da wace riga ce a jikina, durƙusawa nake in leƙa ƙarƙashina kafin in dubi kayan wani.

Zuma kuwa ba ta daina zuwa ba, duk shekara sai ya aiko. Sai dai tun daga waccan shekarar ba ta sake zuwa a jarka ba. A farar kwalba take zuwa, garai-garai, ba buhu ba igiya, ko daga nesa mutum ya hango ta ya san abin da ke ciki. Bai taɓa cewa komai a kai ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.